Yaya ake rubuta tsarin saƙa da na haɗin ƙyalle yadda wata za ta bi ba sai ta kira ki ba?

Maman Walida, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Hunturu na matsowa, odar hular jarirai da suwaita ta fara shigowa, ga kuma irin rubutun da ke yawo a wayoyin masu koyo: "Hular jariri. Ki ɗora ido 80, ki yi roba kaɗan, ki ci gaba da saƙa har ta yi tsawo daidai, sai ki riƙa ragewa har ki rufe." Wadda ta rubuta ta san abin da take nufi. Amma mutum uku za su bi shi su fito da hula uku daban-daban. Ina roƙon masana cikinmu su gyara mana shi, mu samu tsari ɗaya da za mu riƙa bi. Masu bargon haɗin ƙyalle ku ma ku shigo, ciwon ɗaya ne.

Hajiya Mai Kibiya, cikin Birni:
Wa alaikumus salam. Maman Walida, ido 80 ba awo ba ne. Ido 80 da wane zare, da kibiya mai lamba nawa, a hannun wa? Abin da zai fara zuwa a saman takarda shi ne awon saƙa, wato ido (zoben zaren da ke kan kibiyar saƙa) nawa da layi nawa ke cika santimita 10. Zare matsakaici irin na kayan jarirai, da kibiya mai milimita 4, yawanci ido 22 da layi 30 yake bayarwa. Da wannan awon ido 80 zai fito da kewayen santimita 36 da 'yar ɗoriya, daidai da jaririn da kansa ya kai 40, domin ana rage wa hula kamar kashi 10 cikin 100 na kewayen kai, ita za ta buɗe ta kama. Mai sakin hannu da ke samun ido 20, nata 80 ɗin santimita 40 ne cif, hula za ta riƙa zamewa tana rufe wa yaro fuska. Mai matse hannu da ke samun 24 kuma santimita 33 za ta samu, ba za ta shiga ba. Ku ɗora wannan a kan suwaitar babba mai ƙirji 100: ido 220 ake ɗorawa, mai sakin hannu za ta saƙa 110.

'Yar Kongo:
Hajiya barka da yamma. Gaskiya yawancinmu ba ma yin saƙar gwaji, ana ganin ɓarnar zare ce. In dole ne, yaya girmanta zai kasance?

Hajiya Mai Kibiya, cikin Birni:
Zaren bai ɓaci ba 'yata, warware shi za ki yi ki sake amfani da shi. Ki ɗora ido 32 ko fiye, ki saƙa har ya kai santimita 15, ki rufe. Ki wanke shi yadda za a riƙa wanke kayan, ki shimfiɗa ya bushe, kada ki rataye. Sannan ki ɗora rula a tsakiya, ba a gefe ba, don idanun gefe kullum a karkace suke. Ki ƙirga har da rabin ido. 21 da rabi ba 22 ba ne. Idan idanun sun yi yawa ki ɗauki kibiyar da ta fi kauri, idan sun yi kaɗan ki koma siririya. Kada ki ce za ki gyara da hannunki, bayan layi goma hannu zai koma halinsa. Duk wannan mai rubuta tsari ta sa shi a jimla ɗaya: "Idan awonki bai zo daidai ba, canza kibiya."

Anti Samaru:
Ina goyon bayan Hajiya, kuma a rubuta kaurin kibiya da milimita kawai. Lamba tana yaudara. A tsohon lissafin Ingila lamba 8 ita ce milimita 4, a na Amurka lamba 8 milimita 5 ce. Lamba 10 ta Ingila milimita 3.25 ce, ta Amurka 6. A Ingila lamba na hawa kibiya na sirancewa, a Amurka akasin haka. Kibiyoyin da ke hannun mutane kuwa gauraye suke, wasu na gado, wasu na gwanjo, wasu lambar ma ta goge. Masu kwarashi su ma haka: ɗaurin da Amurkawa ke kira na ɗaya shi Turawan Ingila ke kira na biyu, don haka wadda ta ɗauko tsari daga intanet ta fara duba ko na wace ƙasa ne kafin ta mayar mana da shi Hausa.

Sai zare. "Dunƙule uku" ba bayani ba ne. A faɗi nauyin dunƙulen da giram, da tsawonsa da mita in yana jikin takardar. Zaren da ake samu a kasuwar Sabon Gari ba kowanne ke zuwa da cikakken bayani ba, to ga dabara: ki naɗa shi a jikin rula, kada ki ja, kada ki bar tazara, ki ƙirga zagaye nawa ya cika inci ɗaya. Matsakaicin da Hajiya ke magana yana ba da 11 zuwa 14. Ki rubuta wannan adadin, mai saye za ta iya gwadawa a gaban mai shago.

Maman Walida, Tudun Wada:
Anti, yawan zaren fa? Yaya za a san abin da za a ce a saya tun ba a saƙa kayan ba?

Anti Samaru:
Da saƙar gwajin dai. Ki ɗora ta a ƙaramin sikeli. A ce santimita 15 sau 15 ce, faɗinta 225, ta yi giram 8. Shawul mai 80 sau 100 faɗinsa 8,000. Raba 8,000 da 225, ya ba ki kusan 35 da rabi, sau 8 ya zama giram 284. Ƙara kashi 10 cikin 100 saboda ɗinki da bakin zare, kin haura 310, wato dunƙule 7 masu giram 50. Ki rubuta a sayi duka lokaci ɗaya. Launi ɗaya daga rini biyu ba ya zama ɗaya, a shago ba za ki gani ba, sai an shanya a rana.

Ummu Sultan:
Bari in rubuta hular gaba ɗaya, sai ku yi mata gyara.

Hular jariri, kewayen kai santimita 40. Kewayen hula bayan an gama 36, tsawo kusan 15. Kibiya miƙaƙƙu, biyu masu milimita 3.25 da biyu masu milimita 4. Awo: ido 22, layi 30 a santimita 10 da kibiya 4.

Da kibiya 3.25 ɗora ido 82.
Layi 1, fuskar aiki: gaba 2, sannan maimaita (baya 2, gaba 2) har ƙarshe.
Layi 2: baya 2, sannan maimaita (gaba 2, baya 2) har ƙarshe.
Maimaita layukan nan biyu har layi 10, wannan ce roba, bakin hula mai miƙewa.
Koma kibiya 4. Layi 11 zuwa 28: layin fuska duka gaba, layin ciki duka baya.
Layi 29: gaba 1, (gaba 8, haɗa 2) sau 8, gaba 1. Saura ido 74.
Layi 30 da duk layin ciki: baya duka.
Layi 31: gaba 1, (gaba 7, haɗa 2) sau 8, gaba 1. Saura 66.
Haka za a ci gaba, ana rage ɗaya a cikin baka duk layin fuska: layi 33 saura 58, layi 35 saura 50, layi 37 saura 42, layi 39 saura 34, layi 41 saura 26, layi 43 saura 18.
Layi 45: gaba 1, (haɗa 2) sau 8, gaba 1. Saura 10.
Yanke zare ki bar santimita 40, zura shi cikin ido 10, ja ki tsuke, ɗinke baya kina ɗaukar ido ɗaya daga kowane gefe.

'Yar Kongo:
Yaya Ummu Sultan, me ya sa 82 ba 80 ba?

Ummu Sultan:
Biyun na ɗinki ne, za su shige ciki. Kuma 80 ɗin ba a banza aka zaɓe shi ba. Lissafi ya ba da 79 da ɗigo, amma robar biyu-biyu tana son adadin da 4 ke rabawa, ragin saman hula kuma yana son wanda 8 ke rabawa. 80 ya cika duka biyun. Da an ɗora 78 da na gefe biyu, da roba ta karye a wajen ɗinki, ragi kuma ya bar ido shida ba su da wurin zuwa. Mai tsari takan zaɓi adadin da ya fi kusa da awo wanda kuma ado zai rabu a cikinsa ba saura.

Hajiya Mai Kibiya, cikin Birni:
Sannu da ƙoƙari, Ummu Sultan. Abin da ya fi burge ni shi ne "saura kaza" a ƙarshen kowane layin ragi. Wannan shi ke hana kiran waya. Mai saƙa ta ƙirga ta ga 65 maimakon 66, ta san kuskuren yana layin da ta gama yanzu, ba sai ta kai sama ta ga hula ta karkace ba. Gyara biyu nake da su. Na farko, "haka za a ci gaba" ya yi wa gwana, bai yi wa sabuwa ba. Ki rubuta layi 33 zuwa 43 ɗaya bayan ɗaya, takarda ba za ta ƙare ba. Na biyu, "haɗa 2" iri biyu ne. In kin zura kibiya ta gaba kin saƙa biyun tare, ragin dama yake kwantawa. In kin zame su ɗaya-ɗaya sannan kika saƙa ta bayansu, hagu yake kwantawa. A hula ko wanne aka ɗauka ya yi, in dai shi za a bi har ƙarshe. A wuyan suwaita da hammata dole a faɗi na kowane gefe, in ba haka ba gefe ɗaya zai fito sumul, ɗayan da tsani-tsani.

Malama Gyallesu:
Ni ƙorafina a kan gajerta kalmomi ne. Wasu na rubuta G2, B2, H2 don su kwaikwayi na Turawa. Su sun yi haka ne don mujalla ba ta da wuri. Mu a waya muke turawa, wa ya ƙayyade mana wuri? Da yawa cikin masu saƙarmu 'ya'yansu ke karanta musu, ko su saurari saƙon murya a WhatsApp. "Gaba biyu, baya biyu" yana karantuwa da baki, G2 B2 ba ya karantuwa. In dole sai an gajerta, a jera ma'anar kowanne a sama, kuma kalma ɗaya ta tsaya a ma'ana ɗaya. Kada a ce "ido" a shafin farko a koma "ɗauri" a na biyu, mai karatu za ta zaci abu biyu ne.

Anti Samaru:
Malama, a hula mai sauƙi na yarda. Amma ki gwada rubuta dagin Arewa mai launi biyu da kalmomi, layi 33, kowane layi "fari 3, kore 2, fari 5". Kafin layi na shida ido ya ɓace. Wannan aikin zane ne mai akwati-akwati, akwati ɗaya ido ɗaya. Masu aikin babbar riga a cikin birni ma ai ba a karanta musu aska takwas da baki, zana ta ake yi a jikin yadi su bi.

Malama Gyallesu:
Su bi, saboda sun ga ana yi tun suna yara. Ba wa sabuwa zane ba bayani, daga sama hagu za ta fara kamar karatun boko.

Anti Samaru:
To sai a rubuta mata a ƙarƙashin zanen. Ana farawa daga ƙasa ta dama. Layin fuska daga dama zuwa hagu, layin ciki daga hagu zuwa dama, in kuma saƙar zagaye ce duka daga dama. A sa lambar layukan fuska a gefen dama, ta layukan ciki a gefen hagu, lambar da kanta za ta nuna inda za a faro. A ja layi mai kauri duk bayan akwati 10. Kuma kada a dogara da launi kaɗai, a sa alama a cikin akwatin, ɗigo ko gicciye, domin in aka buga baƙi da fari ja da kore kusan abu ɗaya suke zama.

Babban tarkon shi ne takardar lissafi ta makaranta. Akwatinta murabba'i ne, idon saƙa kuwa ya fi faɗi a kan tsawo. Ki zana dagi 24 sau 24 a kanta, da awon 22 da 30 zai fito faɗi kusan santimita 11, tsawo 8, a tauye. In kina so ya daidaita, ido 24 yana buƙatar layi 33. Ki zana akwatunan da kanki bisa awonki kafin ki fara ado.

Hajiya Mai Kibiya, cikin Birni:
Ƙari kaɗan, Anti. In saƙar da ake ɗaukar zare biyu ana wucewa da ɗaya ta baya ce, idon yakan matso kusa da murabba'i, don haka gwajin a yi shi da adon kansa, ba da saƙa fili ba. Kuma a tsara adon yadda zaren baya ba zai tsallake ido fiye da 5 ba tare da an maƙale shi ba. A kayan jarirai yatsa ke shiga.

Ni dai a ganina a sa duka biyun, zane da kalmomi, amma sai an tabbatar sun yi magana ɗaya. In suka saɓa, gara ma ɗaya.

Maman Biyu, Sabon Gari:
Masu keken saƙa kada a manta da mu, tsarin hannu ba ya mana aiki kai tsaye. Keken da aka fi sani yana da allura 200, tazarar milimita 4.5, an lambata su daga sifili a tsakiya, 100 hagu 100 dama. Tsarinmu ya faɗi allurar farko da ta ƙarshe, misali 41 hagu zuwa 41 dama, ya faɗi lambar matsi, ya faɗi gefen da kan keken yake, ya faɗi inda za a mayar da ma'aunin layi sifili. Mu ba ma auna tsawo da tef a kan keke, don nauyin da aka rataya ya ja saƙar, sai dai lambar layi. Saboda haka "saƙa santimita 9" ba ta da amfani a wurinmu, a ce layi kaza. Gwajin ma in an sauke shi sai an bar shi ya huta sa'o'i kafin a auna. Keke mai katin huda kuma adonsa ido 24 yake maimaitawa, to faɗin ado ya zama 2, 3, 4, 6, 8, 12 ko 24. Ado mai ido 10 ba zai zauna a katin ba. Kuma matsakaicin zaren da kuke magana ya yi wa wannan keken kauri, siriri yake so.

Ummu Sultan:
Maman Biyu, hannun riga fa, yaya kuke raba ƙari?

Maman Biyu, Sabon Gari:
A ce wuyan hannu ido 36, sama 56. Bambanci 20, ana ƙara ɗaya kowane gefe, sau 10 ke nan. Layukan da ake da su 54. Raba 54 da 10, ya ba da 5 saura 4. A keke sai a rubuta: duk layi 5 sau 6, sannan duk layi 6 sau 4. 30 da 24, 54. Ku masu kibiya kun fi son ƙari ya faɗo a layin fuska, to ku ɗauki adadin da 2 ke rabawa: duk layi 4 sau 3, duk layi 6 sau 7. 12 da 42, 54 dai. Abin da ba a so shi ne a rubuta "ƙara a hankali har ya kai 56", hannu biyu ba za su taɓa zama ɗaya ba.

Tela Na Ƙofar Doka:
Salamu alaikum iyaye mata, a ba ni wuri in yi maganar haɗin ƙyalle. Abin da awon saƙa yake a wurinku, shi rarar ɗinki, wato yadin da ake bari tsakanin ɗinki da bakin ƙyalle, take a wurinmu. Tsarin bargon haɗin ƙyalle kusan duka a kan kwatan inci aka gina shi. Mu teloli hannunmu ya saba da rabin inci ko fiye, na ɗinkin kaya. Ga abin da ke faruwa. Bargo mai ƙyalle 12 a jere yana da ɗinki 11. In aka ɗinka da rabin inci, kowane ɗinki ya ci ƙarin rabin inci, faɗin bargo ya ragu da inci 5 da rabi. Ko da uku cikin takwas na inci aka yi, an rasa inci 2 da kwata uku. Tsari ya buɗe da gwaji: yanka tsiri uku masu faɗin inci 1 da rabi, haɗa su, goge. Na tsakiya ya zama inci 1 cif, duka ukun 3 da rabi. In bai zo haka ba, a manna tef a jikin keke daidai kwatan inci daga allura, a riƙa bin bakinsa.

Na biyu, a bambance awon yanka da awon gamawa a duk inda lamba ta fito. Ƙyallen da zai zauna inci 3 a bargo, 3 da rabi ake yanka shi. Gida mai ƙyalle tara, uku sau uku, inci 9 ne a cikin bargo, amma a hannu kafin a haɗa shi da 'yan uwansa 9 da rabi ne. Wadda ba a faɗa wa ba za ta ga 9 da rabi ta ɗauki almakashi ta datse rabin, ta cinye rarar ɗinkinta.

Maman Walida, Tudun Wada:
Malam, a yi mana lissafin bargon yaro ɗaya da atamfa mu gani.

Tela Na Ƙofar Doka:
To Hajiya. Gida 4 a faɗi, 5 a tsawo, inci 36 sau 45. Gida 20, kowanne ƙyalle 5 masu duhu da 4 masu haske, 100 da 80 ke nan. Atamfa in an wanke an cire bakinta mai rubutu, a ƙirga faɗin inci 42 don a tsira. Tsiri ɗaya mai faɗin 3 da rabi zai ba da ƙyalle 12. Mai duhu tsiri 9, inci 31 da rabi, a sayi yadi 1. Mai haske tsiri 7, inci 24 da rabi, kwata uku na yadi ya isa, amma in yankan farko ya karkace ba sauran gyara, ni zan rubuta yadi 1. Bayan bargo da audugar ciki su ɗara fuska da inci 3 kowane gefe, 42 sau 51, yadi 1 da rabi. Baki kuma, kewaye 162, ƙara 10 na kusurwa da haɗi, 172, tsiri 5 masu faɗin 2 da rabi. Duk wannan ya zo a tebur ɗaya: sunan yadi, tsiri nawa, ƙyalle nawa, awo nawa. A ba kowane yadi harafi, A da B, kada a ce "ja" da "shuɗi", don mai bi za ta canza launi ta rikice.

Malama Gyallesu:
Malam ga tambaya. Masu saƙa suna santimita, kai kana inci. Ba za a daidaita ba?

Tela Na Ƙofar Doka:
Malama, tef ɗinmu fuska biyu gare shi, amma yadi da inci ake sayar da shi a kasuwa, shi ya sa. Wanda ya fi son santimita ya yi tsarinsa da ita tun daga tushe, rara 0.75, a ƙara 1.5 a kan awon gamawa, kamar yadda ake yi a wasu ƙasashen Turai. Abin da ke ɓata aiki shi ne juya lamba ɗaya-ɗaya. Kwatan inci milimita 6.35 ne, in ka mayar da shi 6 a nan, 7 a can, kusurwoyi ba za su haɗu ba. Tsari ɗaya, ma'auni ɗaya.

Anti Samaru:
Ni ban ga laifin saƙa da santimita, ƙyalle da inci ba, tunda kibiya da milimita take zuwa. Malam, ka yi maganar mai kusurwa uku, nan mutane ke faɗuwa.

Tela Na Ƙofar Doka:
Murabba'in da aka raba biyu ta kusurwa, ƙa'idarsa a ƙara bakwai cikin takwas na inci a kan awon gamawa. Na inci 3, a yanka 3 da bakwai cikin takwas. Amma da almakashi da alli wannan awon wahala ne, gara tsari ya ce a yanka 4, a haɗa biyu fuska da fuska, a ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa, a ɗinka kwatan inci kowane gefen layin, sannan a yanka a kan layin, a goge, a datse zuwa 3 da rabi. Ɗinki kafin yanka, domin yankan karkace yana miƙewa da an ja shi. Guga ma dannawa ake yi a ɗaga, ba gogawa ba. A zana alamar kibiya a tsarin da ke nuna inda rara za ta kwanta: layi na ɗaya dama, na biyu hagu, don su sarƙe a mahaɗa maimakon su taru su yi tudu allura ta karye.

In za a sa gefe, a auna bargon ta tsakiya a yanka tsirin daidai da wannan awon. Wanda ya ɗora dogon tsiri ya bi baki yana ɗinkawa, gefen zai yi ta igiyar ruwa, ba gugar da za ta kwantar da shi.

Maman Biyu, Sabon Gari:
A ƙara da wanki. A rubuta a wanke kowane yadi daban kafin yanka. Auduga tana shiga, kuma ba daidai take shiga ba, ragowar atamfar da aka sha wankewa da sabuwa in suka haɗu, wankin farko zai tattare bargon. Rinanniyar shadda kuma a jiƙa ta da farin ƙyalle a gani ko tana zuba. Sannan atamfa mai manyan furanni ba ta yi wa ƙyallen inci 3 ba, adon yankewa yake yi ya zama ba fasali, a bar ta wa bayan bargo.

'Yar Kongo:
Idan tsarin yana da sifar da za a yanka a kwali a bi fa? An ce in an buga a shago girman yana canzawa.

Anti Samaru:
Yana canzawa, don na'urar takan rage shafi ya shiga takarda, musamman in an tsara shi a takardar Amurka aka buga a A4. Ki tura shi a PDF, ba hoto ba. Ki zana murabba'in gwaji na inci 1 ko santimita 5 a kusurwar shafin, ki rubuta a buga a kashi 100, mai karɓa ta auna shi da rula kafin ta bar shagon. Ki kuma rubuta a jikin sifar ko da rarar ɗinki a ciki ko babu, da kibiyar da ke nuna tsawon yadi.

Maman Walida, Tudun Wada:
Allah ya saka da alheri. Saura girma daban-daban. In ana son hular nan ta sabon haihuwa da ta wanda ya fi girma, sai an sake rubutu uku?

Ummu Sultan:
A'a, baka ake sawa: ɗora 74 (82, 90). Kowanne in an cire biyun ɗinki, 4 da 8 suna raba shi. Kewayen hula ya zama kusan 33 (36, 40). Layin ragi na farko: gaba 1, (gaba 7 (8, 9), haɗa 2) sau 8, gaba 1, saura 66 (74, 82). A faɗa a sama cewa kowa ta zagaye lambar girmanta da biro kafin ta fara.

Malama Gyallesu:
Kin ga baka cikin baka ko? A waya wannan ba zai karantu ba, balle a saƙon murya. Girma uku, saƙo uku, kowanne da lambobinsa kaɗai.

Hajiya Mai Kibiya, cikin Birni:
A nan Malama ta fi gaskiya. In takarda ce, a canza alamar maimaici zuwa tauraro a bar baka wa girma. In waya ce a raba. Kuma tsawon ma ya bi girman, ba faɗi kaɗai ba: ƙaramar ta fara ragi da wuri, babbar a ƙara mata layuka, kullum adadin da 2 ke rabawa don ragi ya faɗo a fuska. Maman Walida, kafin ki raba wa ɗalibai, ki ba mutum biyu da ba su ga wannan hirar ba, ɗaya gwana ɗaya sabuwa, su saƙa daga takardar kaɗai, kada ki amsa musu tambaya da baki. Duk inda suka tsaya su sa alama, nan za a gyara. Su kawo hulunan a auna kewaye da tsawo, a kuma ɗora su a sikeli, don har yanzu tsarin Ummu Sultan bai faɗi giram nawa hular ke ci ba.

Ummu Sultan:
Za a bar gurbinsa a sama, ƙarƙashin kibiya, a cike in an auna.